Zafin Finiks ko Sanyin Miniyafolis: Yadda Muka Zaɓi Inda Za Mu Zauna

A mako ɗaya takardun ɗaukar aiki guda biyu suka iso mini, cikin watan Janairu. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma asibitoci biyu ne a Amurka suka neme ni, ɗaya a Finiks ta jihar Arizona, ɗaya a Miniyafolis ta jihar Minisota. Albashin kusan ɗaya ne, aikin iri ɗaya, makarantun yara ma babu laifi a ko'ina. Da ni da maigidana muka ware duk inda garuruwan biyu suka yi kunnen doki, sai abu ɗaya ya rage mana, wato yanayi. Ɗaya gari ne da rana ke gasa mutane, ɗayan kuma sanyi ke daskarar da su.

Ni dai tun daren farko na gama yanke hukuncina. Cikin zafi na tashi, ban taɓa taka dusar ƙanƙara da ƙafata ba. Na ce masa, "Baban yara, wannan ai ba abin dogon tunani ba ne. Zafi mun san shi, shi ma ya san mu." Ya yi shiru irin nasa, can ya ce, "To, mu je mu gani da idonmu tukuna. Gani ya kori ji."

Muka tafi a watan Fabrairu, kwana biyu nan, kwana biyu can. A Miniyafolis muka fara sauka. Ina fita daga ƙofar filin jirgi na ja numfashi, sai na ji gashin cikin hancina ya ƙame. Wayata ta nuna digiri 18 ƙasa da sifili. Kafin mu kai inda motar haya take, yatsuna sun daina jin maganata. Kwana biyu bayan haka muka sauka a Finiks: digiri 22, sama garau, mutane na yawo da riga mai gajeren hannu. Na kalli maigidana na yi murmushin wadda ta ci gardama.

'Yar kawuna, wadda nake kira Yaya, ta fi shekara goma a Finiks, kuma ita ta sauke mu. Da ta ji ina cewa an gama magana, sai ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce, "Ƙanwata, kin zo kin ga amarya ranar da aka yi mata kwalliya. Ki dawo ƙarshen Yuni ki gan ta ta tashi daga barci, sannan ki sa hannu a takarda." A nan na gane rashin adalcin da muka yi ba da gangan ba. Mun ga gari ɗaya a ranar da ya fi kyau, mun ga ɗayan a ranar da ya fi muni. Allah Ya sa takardun izinin aikina na buƙatar watanni kafin su kammala, duka asibitocin biyu kuma suka yarda su jira amsata har farkon Yuli. Sai na sayi littafin rubutu, na raba shafi gida biyu.

Wahalar farko ma ta ma'auni ce. A Amurka da Farenhait ake auna zafi, ni kuma da Salshiyos kaina ke aiki. Sai ka cire 32 ka raba da 1.8 kafin ka san inda kake. A wuri ɗaya kawai ma'aunan biyu suke haɗuwa, a 40 ƙasa da sifili, kuma duk wanda ya kai nan ba lissafi ne damuwarsa ba.

Na fara da kuskuren da nake jin kowa na yi, na nemo mafi tsananin abin da aka taɓa gani. Finiks ta kai digiri 50 ranar 26 ga Yuni, 1990. Miniyafolis ta taɓa sauka ƙasa da 40 a ƙarƙashin sifili a shekarar 1888. Na rubuta su, na zuba musu ido, ban ga abin da suka ƙara mini ba. Ba wanda ke rayuwa a cikin rana ɗaya tilo. Tambayar da ta kamata in yi ita ce, kwana nawa ne a shekara yanayin zai tsare ni a ɗaki?

Da na juya tambayar haka, sai alƙaluman suka fara magana. A shekarar 2023 Finiks ta jera kwana 31 kullum zafin rana na kaiwa digiri 43 ko fiye. A 2024 ta jera kwana 113 zafin bai gaza kaiwa kusan 38 ba, wato kusan wata huɗu babu hutu. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne dare. A cikin Yulin 2023 an yi daren da mafi sanyin lokacinsa digiri 36 ne. Kwalta da kankare suna shan zafi da rana, su dinga amayar da shi har asuba. Zafin da na sani ina yarinya yana sassautawa idan dare ya raba, mutum ya samu ya miƙe ƙafa. Wannan ba ya sassautawa. A ɗaya gefen shafin kuwa, matsakaicin yanayin Miniyafolis a Janairu wajen digiri 9 ne ƙasa da sifili, dusar ƙanƙarar da ke zuba a shekara ta kai wajen santimita 130, kuma tana iya farawa a Nuwamba ta ƙi tafiya har Afrilu. A ƙarshen Janairun 2019 an wayi gari a can da digiri 33 ƙasa da sifili. Idan iska ta haɗu da irin wannan sanyi, minti goma sun isa fatar da ba a rufe ba ta daskare. Kowane gari da nasa kurkukun, kuma wa'adin kusan ɗaya ne, wata huɗu zuwa biyar.

Daga nan aikina ya ja ni zuwa tambayar da ba a so a yi a gaban yara, wato wanne ya fi kisa. Ƙaramar hukumar Marikofa, inda Finiks take, ta ƙirga mutum 645 da zafi ya yi sanadin mutuwarsu a 2023. Na karanta wannan na ce shi ke nan, Miniyafolis ta ci gardama. Sai kuma na ci karo da wani babban bincike da mujallar likitanci ta Lancet ta buga a 2015, wanda ya duba mutuwar mutum fiye da miliyan 74 a ƙasashe 13. Abin da ya gano ya juya mini lissafi: sanyi ne sanadin kusan kashi 7 cikin ɗari na mace-macen, zafi kuwa bai kai rabin kashi ɗaya ba. Kuma yawancin ɓarnar ba daga ranakun tsananin sanyi take zuwa ba, daga matsakaicin sanyi ne mai tsawo. Wannan bai ba ni mamaki ba da na tuna abin da nake gani a wurin aiki. Sanyi yana matse jijiyoyin jini, hawan jini ya tashi, zuciya ta ƙara wahala, mura da ciwon huhu su yi yawa saboda kowa na cunkushe a ɗaki. A hankali yake cin mutum, ba a cika rubuta sunansa a takardar mutuwa ba. Zafi kuwa farat ɗaya yake yi, kowa ya gani.

Don haka babu wanda ya fita da farin hannu. Sai na daina tambayar wanne ya fi kisa, na koma duba su wa yake kashewa. A duka biyun amsar ɗaya ce: tsoffin da ke zaune su kaɗai, masu ciwon zuciya ko ƙoda, marasa matsuguni, masu aiki a waje, da waɗanda na'urar gidansu ta lalace ba su da halin gyara.

Maganar na'ura ce ta kai mu ga dare mafi tsawo da muka yi muna muhawara. Maigidana ya tambaya, "Idan aka ɗauke wuta kwana uku, a wanne gari za ki fi son a same ki?" Finiks gari ne da iyakwandishan ya gina. A 1950 mutanenta ba su wuce 107,000 ba, a ƙidayar 2020 sun kai miliyan 1.6. Wani bincike da aka buga a 2023 ya kiyasta cewa idan wuta ta ɗauke na kwanaki a tsakiyar tsananin zafi, kusan rabin mutanen garin za su buƙaci sashen gaggawa na asibiti. Na ce masa ai Miniyafolis ma ba tsira ba ce, domin hitar gas ma sai da lantarki take hura ɗumi cikin ɗakuna, kuma ruwa idan ya daskare yana kumbura ya fasa bututu. Ya yarda, amma ya ce a sanyi mutum na iya tara iyalinsa a ɗaki ɗaya, a rufe ƙofa, a lulluɓa da duk bargon da ke gidan. A zafi fa, idan iska ta fi fatar jikinka zafi, fanka ma wuta take hura maka.

Muna cikin wannan ne na lura da wani abu a manyan bala'o'in da na rubuta. A Fabrairun 2021 sanyi ya kashe mutum 246 a Teksas bisa ƙidayar hukuma, jihar da aka sani da zafi. A ƙarshen Yunin shekarar, zafi ya kashe mutum 619 a lardin Biritish Kolombiya na Kanada, ƙasar da aka sani da sanyi, har wani ƙauye mai suna Liton ya kai digiri 49.6. A 1995 zafi ya kashe fiye da mutum 700 a Shikago cikin 'yan kwanaki. A duk waɗannan wurare uku, yanayin da ba a shirya masa ba ne ya zo. Miniyafolis ta san sanyinta. Ana binne bututun ruwa da zurfi, motocin kwashe ƙanƙara na fita tun dare, kuma a tsakiyar gari akwai rufaffun gadoji a hawa na biyu da suka haɗa gine-gine, tsawonsu wajen kilomita 15, mutum ya yi ta zirga-zirga bai taka waje ba. Finiks ma ta san zafinta, har doka ta wajabta wa masu gidan haya su samar da abin sanyaya ɗaki. Wannan ya kwantar mini da hankali ta fuska ɗaya, ya kuma hana ni samun amsa mai sauƙi.

Kuɗin wuta da gas ban daɗe a kansu ba. Idan waje na 43 kana son ɗaki ya zama 25, tazarar digiri 18 ce. Idan waje na 20 ƙasa da sifili kana son ɗaki ya zama 20, tazarar 40 ce. Ɗumama gida a garin sanyi ya fi cin makamashi, ga tayoyin hunturu, ga manyan riguna da takalma na yara da sukan yi musu kaɗan duk shekara, ga gishirin da ake watsawa a titi yana cin ƙarƙashin mota da tsatsa. Na ba Finiks maki a nan na wuce. Na kuma rage mata ɗaya saboda ruwa, domin wani babban kaso na ruwanta daga kogin Kolorado yake zuwa, wanda aka ayyana ƙarancinsa a hukumance karo na farko a 2021.

Ƙarshen Yuni muka koma Finiks, wannan karon har da yara. Digiri 44. Na shiga mota na kama ƙarfen bel, ya ƙone ni har ya bar shaida. Mutanen garin suna yawan cewa zafinsu busasshe ne, kuma gaskiya ne, babu wannan danƙon na iska mai laima. Amma a nan haɗarin yake. Gumi na bushewa kafin ka gan shi, ba ka san ruwan jikinka na tafiya ba sai kai ya fara sarawa. Na san jiki na sabawa da zafi cikin mako ɗaya zuwa biyu, ya koyi fitar da gumi da wuri, ya rage zubar da gishiri. Sai dai sabo na da iyaka, kuma takalmi ma na jin kwaltar da ke iya wuce digiri 70 da rana tsaka. Asibitocin garin na karɓar mutanen da suka faɗi a titi kawai, fatarsu ta ƙone kamar sun faɗa wuta.

Da la'asar autana ya hango filin wasa ta tagar mota, da lilo da abin zamiya, ba ko yaro ɗaya a ciki. Ya ce, "Umma, an hana shiga ne?" Yaya ta ce masa, "Ba a hana ba, ɗana, ƙarfen ne zai ƙone ka. Sai Oktoba." Ita da maƙwabtanta ƙarfe biyar na asuba suke fita tattaki, kafin bakwai kowa ya koma ciki.

Wannan "sai Oktoba" ɗin ce ta buɗe mini ido a kan abin da ban sa a littafina ba. Dogon hutun makaranta a Finiks yana kamawa daga ƙarshen Mayu zuwa farkon Agusta, daidai lokacin da ba a iya fita. Yara za su yi hutunsu duka tsakanin bango huɗu da talabijin, ko a wurin ninkaya idan an samu mai kai su. A Miniyafolis kuwa hutun na faɗawa a watannin da garin ya fi daɗi, zafin rana wajen digiri 28, yini ya kai awa goma sha biyar da rabi, ga tafkuna a cikin gari. Kurkukunta na zuwa ne lokacin da yara ke aji dama. Wa'adin tsarewar ɗaya ne, amma ɗaya na cinye lokacin da muke da shi na sakewa, ɗayan na cinye lokacin da dama a ɗaure muke.

Sai kuma aikin maigidana. Wayoyin intanet yake ja wa gidaje, rabin yininsa a kan tsani, rabi a cikin silin. Ya samu wani mai irin sana'arsa a can suka yi hira, mutumin ya ce masa cikin silin a watan Yuli ya fi gaban minti goma sha biyar, sai ka sauko ka sha ruwa ka sake hawa. Da dare na ce, "Baban yara, a sanyi ma ai yatsunka za su ƙi lanƙwasuwa." Ya ce, "Haka ne. Amma ina iya sa safar hannu biyu in koma mota in ji ɗumi. Ni ban taɓa jin wanda ya tuɓe fatarsa don ya sha iska ba."

Saura Hajiya, mahaifiyarsa, wadda takan zo ta yi watanni tare da mu. Tana da hawan jini, kuma cikin magungunanta akwai mai sa yawan fitsari, wanda ke saurin busar da mutum a zafi. A gefe guda gwiwoyinta ba sa son sanyi, kuma na ga isassun tsoffin da santsi ya karya wa ƙugu, na san yadda rayuwa ke sauyawa bayan haka. Na kira ta na yi mata bayani dalla-dalla, ina ta kwana-kwana. Ta katse ni ta ce, "'Yata, ku zaɓi inda jikokina za su yi wasa. Ni in zo muku da bazara, sanyi na leƙowa in koma wajen ƙanen mijinki." Da wannan aka rufe shafinta.

Ranar 2 ga Yuli na aika wa asibitin Miniyafolis amsa. Ni da na rantse da zafi.

Ba zan ce lissafina ya cika ba, don akwai babban abin da na tsallake: duhu. Na auna digiri, na ƙirga kwanaki, ban taɓa ƙirga awannin haske ba. Miniyafolis na can arewa sosai, a ƙarshen Disamba yini bai cika awa tara ba, wajen ƙarfe huɗu da rabi rana ta faɗi. Ni kuma aikina daga bakwai na safe ne zuwa bakwai na dare. Nakan fita cikin duhu in dawo cikin duhu, in jera kwana uku ban ga rana ba sai ta tagar ɗakin mara lafiya. Zuwa tsakiyar Janairu na zama wata iri, barci ba ya isa ta, ƙaramin abu ya sa ni hawaye, ƙasusuwana na ciwo. Da aka gwada jinina, sinadarin bitamin D ya yi ƙasa sosai. A irin wannan wuri ranar hunturu ba ta da ƙarfin da fata za ta iya sarrafa shi, mu masu duhun fata kuwa abin ya fi kama mu. Abin kunya, ni da nake faɗa wa marasa lafiya wannan magana ban faɗa wa kaina ba. Likita ta rubuta mini magani, ta kuma ce in sayi fitila mai haske sosai in dinga zama gabanta rabin awa da safe. Na raina abin da farko. Bayan mako biyu na daina rainawa.

Sauran wahalhalun ƙanana ne, amma kullum ne. Doka ta ce mai gida ya share ƙanƙarar gaban gidansa cikin awa 24 bayan ta daina zuba, don haka shebur ya zama ɗan gida. Shirya yara biyu su fita na cin minti ashirin, kuma sai ka gama ɗaure takalmin ƙarshe wani zai ce yana jin fitsari. Na koyi tuƙi a kan santsi da zuciya a maƙogwaro, na koyi cewa ba a taka birki da ƙarfi, na koyi tafiya da ƙananan taku kamar agwagwa. Abin da ya fi gajiyar da ni ba Janairu ba ne, don a Janairu mutum ya shirya. Afrilu ne, lokacin da ka cire rai an gama, ka leƙa taga da safe ka ga gari ya sake yin fari fat.

Yaran kuwa ko a jikinsu. Babbar ta koyi zamiya a kan daskararren tafki kafin in koyi tsayawa a kansa, autan kuma kuka yake idan aka ce ya shigo. Da Yuni ya zo, sai ƙarfe tara na dare nake iya tattaro su daga waje, sauro ya gama cin ƙafafunsu, Hajiya na zaune a baranda tana yi musu faɗan da ba ya zuwa ko'ina.

Ni da Yaya mun mayar da abin wasa. A Fabrairu takan turo mini hotonta a tsakar gida da silifa, ta rubuta, "Ƙanwata, ya jiki?" A Yuli ni kuma in tura mata hoton yara a bakin tafki in tambaye ta ko iyakwandishan na nan lafiya. Littafin yana nan a durowa, na ƙara masa layi ɗaya a ƙasan shafin da jan biro: awannin haske. Wata abokiyar aikina da ake nema a wani gari can kudu ta aro shi makon jiya, har yanzu ba ta dawo mini da shi ba.